Baƙa, Butar Shayin Alhaji Gimba, Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da ruwan zafi zalla, Alhaji Gimba Mai Albasa na kasuwar Mile 3, Fatakwal, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan Diobu, da na Head Bridge a Anacha, da na Inugu, da duk wanda ya taɓa miƙo kofi aka cika masa ya tashi bai ce an gode ba, cewa butar shayinsa, wadda aka fi sani da Baƙa, ta riga mu gidan gaskiya.

Yana neman afuwa a kan jinkirin wannan sanarwa. Tun watannin baya ya kamata ta fito, amma mai makoki ya ɓoye gawar a bayan buhunan albasa, duk wanda ya tambaya sai ya ce masa tana ɗan hutawa ne. Dattijo da furfurarsa, mai jiran jika, ya zauna yana shara wa manyan mutane ƙarya a kan buta. Ya amsa laifinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi yau ya fito da magana fili.

Babu wanda ya san ƙasar da aka haifi marigayiya, domin tambarin da ke gindinta ya daɗe da nutsewa cikin baƙi. Abin da aka sani shi ne Alhaji ya gamu da ita a Head Bridge shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, lokacin bai zama Alhaji ba, bai zama mai albasa ba, mai sauke albasar wasu ne daga tirela. Tana rataye a rumfar wani Inyamuri, fara tas, tana ɗaukar ido. Ya saye ta tun kafin ya mallaki katifa. Ta bi shi Inugu, inda ta fara yin duhu a kan garwashi, daga can kuma ta biyo shi Fatakwal. A garin nan da kowa ke kukan baƙin hayaƙin da ke saukowa daga sama yana ɓata wa mutane riga da hanci, ita kaɗai ce ta karɓe shi hannu biyu, ta mai da shi ado.

A duk tsawon waɗannan shekaru sabulu bai taɓa jikinta ba. Wannan ba ƙazanta ba ce, ilimi ne, kuma duk mashayin da ya amsa sunansa ya san shi: butar shayi ba a wanke ta, ɗauraye ta ake yi. A zuba ruwa, a girgiza, a watsar, shi ke nan. Baƙin da ke waje rigarta ce. Dasƙararren da ke ciki kuwa, na ganye da citta da kanumfari da sukarin shekara da shekaru, shi ne asirinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Ta kai matsayin da ko ruwa zalla aka zuba mata aka ɗora a wuta, sai ya fito da launi da ƙamshi, baƙo ya sha ya yi santi, bai san tarihi ya sha ba.

Marigayiya ba ta da yawan surutu, amma duk abin da ta faɗa yana da ma'ana. In aka ɗora ta a kurfoti, murhun gawayi, takan yi shiru tukuna, kamar mai nazari. Can sai ta fara ƙasa-ƙasa, ɓul, ɓul, ɓul. In magana ta yi nisa murfinta ya kama rawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga nan ta ɗaga dogon bakinta ta ce fiii, kuma duk layin 'yan albasa ya san an gama. Akwai mutanen da ladan ke kira su ce bari su ƙarasa ciniki, amma ba a taɓa jin wanda Baƙa ta kira ya ce yana zuwa ba.

Ba ta san cokali ba. Da tafin hannu ake zuba mata sukari, kuma hannun Alhaji ba ƙarami ba ne. A bi da madarar gwangwani mai kauri, irin wadda sai an jira ta kafin ta sauko. Da safe a sha, don a buɗe ido. Da hantsi a sha, don kada idon ya koma. Bayan azahar a sha saboda abinci ya zauna, bayan la'asar kuma a sha saboda majalisa ta cika. In ruwan sama ya tsuge, kuma a Fatakwal yaushe ne ba ya tsugewa, sai a ƙara saboda sanyi. Mutumin da ya baro garinsu ya zo ya tsufa a inda kowa ke kiransa aboki alhali babu wanda ya san sunansa, in ya riƙe kofi mai zafi a hannu yakan ji kamar yana da wuri a duniya. Wannan shi ne aikin da Baƙa ta yi, ba ta taɓa neman lada ba.

Ba ta nuna bambanci. Ta shayar da Musulmi, ta shayar da Kirista, ta shayar da wanda bai san inda ya dosa ba. A cikin waɗanda suka fi cin moriyarta dole a ambaci mutum biyu, don tarihi ya riƙe sunansu. Na farko Malam Abdulmuhaimin, na'ibin limamin masallacin layi, wanda kullum yakan ce shi wucewa yake yi, amma da kofinsa a aljihu yake wucewar. Na biyu Nicodemus, mutumin Zonkwa, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, wanda tun da ya yi ritaya ya mai da bencin Alhaji ofis, yana zuwa a kan lokaci fiye da yadda ya taɓa zuwa wa gwamnati. Su biyun nan, da wasu da ba su cancanci tawada ba, sun sha rantsewa cewa don Alhaji suke zuwa, shayin ƙari ne kawai. A riƙe wannan magana.

Kamar kowane mai baiwa, marigayiya ta yi maƙiya.

Abin ya faro ne tun azumin bara, da wani mai baro ya taka wa Alhaji babban yatsan ƙafar dama. Ɗan ciwo ne da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Sai ya ƙi warkewa. Aka shafa man zafi, aka shafa zuma, aka yi tofi, ciwo ya ce yana nan. Ya buɗe baki ya zama gyambo, takalmi sau-ciki ya gagara, Alhaji ya koma jan silifas yana ɗingishi a cikin caɓin kasuwa. Da wari ya fara riga shi shiga ɗaki, maiɗakinsa Hajiya Baiwa ta tasa shi gaba zuwa wani ɗan asibiti a Diobu, inda suka faɗa hannun wata nas, Sista Christy, 'yar Kafanchan, mace mai fara'a da baƙar magana a haɗe. Ta soki yatsan hannunsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta dube shi.

"Baba Alhaji, wannan ba jini ba ne a jikinka, maɗi ne. In na bar ɗigon nan a tebur, kiyashi za su yi biki."

Alhaji ya yi mata bayani cikin natsuwa, irin na manya, cewa abin da yake sha magani ne: citta tana korar sanyi, kanumfari yana gyara ciki, masoro yana buɗe ƙirji, kakanninsa sun sha sun kai ɗari.

"Ni ban da faɗa da citta," in ji ta. "Ganyen ma ba ruwana da shi. Sha abinka babu suga, babu madarar nan, ni da kai lafiya lau. Amma in ka ci gaba yadda kake, zaɓi ɗaya: ko ka bar mana shayin, ko ka bar mana yatsan. In ka yi wasa kuma, ƙafar za ta bi shi."

Shayi babu sukari. A ɗaura aure babu goro ke nan. Mai makoki yana so jama'a su shaida cewa a ƙasar nan akwai waɗanda aka tura makaranta, aka ba su farar riga, suka fito suna kiran ruwan ɗaci shayi, kuma gwamnati ta san da su.

Ya karɓi ƙwayoyin da ta ba shi, yana haɗiye su da shayi, don a ganinsa an yi raba-daidai. Gyambo ya ci gaba da faɗi. Hajiya Baiwa ta yi lallashi, ta yi fushi, ta ɓoye gwangwanin sukarin gida, ta manta cewa mijinta a tsakiyar kasuwa yake wuni. Rannan Sista Christy ta zo har gida wanke ciwo, ta tarar da Malam Abdulmuhaimin da Nicodemus sun zo dubiya, kowa da kofi a hannu, majinyaci ma da nasa. Ta kwance bandeji. Ta ce gefen yatsan ya fara baƙi, kuma ita ba ta son irin wannan baƙin. Hajiya ta fara matsar hawaye a bakin ƙofa. Alhaji, don ya kashe maganar, kuma don abokansa su ga har yanzu shi ne mai gida, ya ɗaga kofi ya ce:

"To ku saurara. Wallahi tallahi, ranar da Baƙa ta daina dafa shayi, ni da shayi har abada. Kafin nan a ƙyale ni."

Majalisa ta fashe da dariya, don kowa ya san Baƙa. Ta faɗo daga saman tirela a hanyar Inugu ba ta fashe ba. Gobara ta ci layin 'yan albasa, aka tono ta a cikin toka tana nan yadda take. Wanda ya jingina rantsuwarsa da mutuwar Baƙa, ya jingina ta ne da tashin ƙiyama.

Hajiya Baiwa ta share idonta da bakin mayafi. "Malam, ka dai ji ko?"

"Na ji, Hajiya," in ji Malam, yana hura kofinsa.

Ta juya ta koma madafi. Mutumin da ya yi shekaru da mace har bai san ya ji tsoron shirunta ba, duk abin da ya same shi shi ya saya. Magana zarar bunu ce.

Ajali ya zo ne ta hanyar alheri, kamar yadda ya saba. Aka yi bikin Umair, ɗan Alhaji, da Mas'uda, 'yar wani babban ɗan kasuwar hatsi a Head Bridge, yarinya mai ladabi, haihuwar Anacha, wadda Hausarta ke tafe da Turancin kasuwa a goye. Saboda baƙi, aka ɗauko Baƙa daga rumfa aka kawo ta gida a Mile 2, abin da ba a saba yi ba. Ta yi aikin bikin nan kamar budurwa, surukai suka sha suka yaba. Baƙi suka watse, ita ba a mai da ita kasuwa da wuri ba.

Kowa ya san halin sabuwar amarya a gidan surukai: so take a ce an yi dace. Mas'uda ta share inda ba a taɓa sharewa ba, ta goge abin da ba a san yana da launi ba. Ranar wata Juma'a Alhaji ya ja ƙafarsa ya tafi masallaci. Hajiya Baiwa ta tara tukwanen biki a tsakar gida don a wanke, kuma, bisa ga abin da ta faɗa daga baya, ba ta lura ba Baƙa ta hau saman tarin. Amarya ta ga abu baƙi ƙirin, ta tausaya wa gidan da ta shigo. Ta nemo soson ƙarfe, ta nemo toka da yashi da garin sabulu, ta ɗaura zani, ta zauna. Maƙwabta sun ce tun kafin a yi kiran farko suke jin ƙarar, ƙurrr, ƙurrr, har aka sauko daga masallaci. Da soso ya gaza a ciki, ta sa wuƙa.

Alhaji ya dawo ya zauna a tabarma. Sai ga amarya ta fito, ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, ta ajiye wani farin abu a gabansa.

"Baba, sannu da dawowa. Ga kettle ɗinka. Ta ba ni wahala o, amma na fitar da dattin duka. Har ciki."

Bai gane ta ba da farko. Sai da ya ga lotsawar nan ta gefe, ta faɗowar hanyar Inugu, sannan ya gane Baƙa ce.

A nan mai makoki yake roƙon masu karatu su auna matsayinsa. Da ɗansa ne ya yi wannan aiki, da Diobu ta ji su. Da yaron rumfa ne, da ya kwana a tasha. Amma suruka ce, sabuwa fil, lallen hannunta bai goge ba sai inda yashi ya cinye. Mutum ba ya ɗaga wa matar ɗansa murya. Ba ya ma kallon idonta, balle ya tambaye ta wa ya aike ta. Ga yatsunta sun yi ja, ga ta durƙushe tana jiran abin da ake ce wa 'ya ta gari. Hajiya Baiwa tana tsaye a bakin madafi.

"Alhaji, ka ga aikin 'yarka? Har fuska ana gani a jiki. Ba za ka sa mata albarka ba?"

Ya duba, ya ga fuskar tasa a jikin butar, a karkace, hanci ya yi gefe. Ya buɗe baki ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki."

"Amin, Baba," in ji ta, ta tashi da murna.

A tarihin kisan kai ba a taɓa jin inda mai gawa ya sa wa wanda ya yi kisan albarka tun gawar ba ta huce ba, sai a gidan Alhaji Gimba.

Da la'asar ya hura gawayi da kansa, ya cika ta da ruwa, ya ɗora. Ya jira ɓul-ɓul. Abin da ya ji shi ne tsss. Sai kuma tsss, tsss. Garwashi ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, farin hayaƙi ya tashi. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ya sauke ta, ya zubar da sauran ruwan, ya ɗaga gindinta ya saita rana, sai ga haske yana shigowa ta wurare da yawa kamar rariya. Ashe ƙarfen ya daɗe da cinyewa. Shekara da shekaru baƙin nan na waje da dasƙararren nan na ciki su ne suka toshe ramukan, su ke riƙe da ita. Dattin shi ne butar. Mai makoki ya san dattawa da dama a kasuwar nan da haka lamarinsu yake, yana kuma ba iyalansu shawara kada su matsa da gyara.

An yi jinya bakin gwargwado. An kai ta wurin Muhammad Sani mai liƙin tukwane a Diobu, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, liƙi sai da wurin kamawa. Nan in na toshe rami ɗaya, maƙwabcinsa zai buɗe. Ka yi haƙuri, wannan ta gama aiki." An ba direban tirela ita ya kai wa wani maƙeri a Anacha, ta dawo da saƙon ta'aziyya. Alhaji da kansa, a ɓoye, ya gwada toshe ramukan da teba. Ta riƙe har ruwa ya yi ɗumi, daga nan abin da ya fito ba shayi ba ne, ba kuma koko ba. Bayan wannan ne ya kai ta bayan buhuna ya fara cewa tana hutawa.

To, ga rantsuwa a wuya. Wata safiya Malam Abdulmuhaimin ya iso rumfa, ya ga kurfoti a kife, ya gane. Mutumin nan da in ka tambaye shi hukuncin rabon gado sai ya ce ka dawo bayan sati ya duba, ranar ko zama bai yi ba ya ba da fatawa.

"Alhaji, ai addini sauƙi ne. Kaffara za ka yi. Ka ciyar da miskinai goma, ka sayi sabuwar buta, shi ke nan. In ma neman miskinan ne zai ba ka wahala, mu nan in ka duba da kyau ba wasu masu hali ba ne."

Nicodemus ya ce, "Oga Gimba, ka ji maganar Malam. Ni ba addinina ba ne, amma wannan hukunci ya yi mini daidai."

Gaskiya Alhaji ya so ya karɓa. Kansa yana sarawa, bakinsa kamar an shimfiɗa tsumma a ciki. Ya ce su ba shi 'yan kwanaki ya yi tunani, don kada a ce dattijo ya warware rantsuwa kafin yawunta ya bushe. Cikin 'yan kwanakin nan ne Allah ya nuna masa abin da bai nema ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar farko majalisa ta zo, ta zauna, ta yi hamma, ta watse kafin la'asar sakaliya. Rana ta biyu aka zo tsaitsaye. Daga nan benci ya koma wurin barcin kyanwa. A tsallaken layi, daidai inda idon Alhaji ke sauka in ya ɗaga kai, wani mai shinkafa, Imrana, ya sayi butar lantarki, fara, marar tarihi, wadda ke kashe kanta da kanta in ta tafasa kamar mai jin kunyar abin da ta dafa. Can majalisar ta koma ɗungurungum. Malam yana wucewa ta can yanzu, da kofinsa. Nicodemus ya sami canjin ofis. Sukan ɗago hannu daga nesa su ce, "Alhaji, ya ƙafa?" ba sa jiran amsa. Waɗannan su ne masu zuwa don Alhaji, shayi ƙari.

Sai mai makoki ya zauna ya yi lissafin da ba na kuɗi ba. Kaffara ciyar da miskinai goma ce sau ɗaya. Shi ya shayar da goma kullum, shekara talatin, ga sakamakon a tsallaken layi suna kurɓa. In ya sayi sabuwar buta, fiii ɗaya za ta yi su dawo, kowa da kofinsa da labarin yadda ya yi kewarsa. Ya ce a ransa, ko da ɗacin baki zai kashe shi, waɗannan mutane ba za su ƙara ɗanɗana sukarinsa ba.

Saboda haka yana so a rubuta, a kuma karanta wa Sista Christy in ta samu sarari: bai bar shayi don ita ba. Bai bari don na'urarta ba, bai bari don hawayen Hajiya ba, bai bari don yatsa ba, yatsa guda nawa yake. Ya bari ne don haushi. Kullum yana zaune a rumfarsa da ruwan zafi da ɗan guntun citta a ciki, yana kurɓa, yana kallon tsallaken layi, yana jin daɗin da sukari bai taɓa ba shi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar murfi ɗaya, wanda ba ya shiga bakin kowace tukunya a gidan. Ta bar kurfoti da mafici, dukansu ba su da aikin yi yanzu. Ta bar mataci, wanda a ƙarshen rayuwarta suka yi kama da juna. Ta bar kofunan silba da dama, ban da waɗanda suka bi aljihun jama'a tun tana raye, da gwangwanin sukari da kiyashi ke zaman makoki a kansa ba dare ba rana, kuma su kaɗai ne a cikin masu cin arzikinta suka nuna sun san an yi rashi. Ta bar haƙoran Alhaji, waɗanda suka rage. Ta bar Alhajin kansa.

Game da waɗanda ake zargi, iyali ba su da niyyar kai ƙara. Mas'uda ba ta san abin da ta yi ba har yau, kuma an haramta a gaya mata. Kullum da safe takan durƙusa ta ce, "Baba, akwai wani abin da zan wanke maka?" shi kuwa ya ce babu, ya ƙara tura tsohuwar hularsa ƙarƙashin matashi. Hajiya Baiwa ta ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mai makoki bai musa ba. Yana dai lura cewa matar da ta yi shekara talatin tana juya tukwane ta san abin da ke riƙe da gindin tsohuwar tukunya, kuma tun ranar Juma'ar nan take 'yan waƙe-waƙe a madafi.

Masu zuwa ta'aziyya su kiyaye abu biyu. Kada wanda ya ce, ai buta ce kawai. Wanda ya faɗi haka bai taɓa baƙunta a garin mutane ba. Kada kuma wanda ya zo da sabuwar buta a leda da sunan gudummawa. An san waɗanda za su aiko shi, suna can tsallaken layi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Za a tashi daga gidan mai makoki a Mile 2 zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan Mile 3, inda za a miƙa ta a narkar, wataƙila ta dawo duniya a matsayin ludayi. Hajiya ta nemi a bar mata gawar ta shuka na'a-na'a a ciki, tunda ga ramukan fitar ruwa an riga an yi. An ƙi. Ba za a yi wa mamaciya wanka ba, wankan ne ya kashe ta. Likkafani buhun albasa ne. Ba za a yi salla ba, Malam ya ce babu a littafi, kuma wannan karon sai da ya duba. Babu zaman makoki, babu abin sha. Mai jin ƙishi ya tsallaka layi, ya san hanya.

Umair ya ce zai ɗauko keke-napep saboda mahaifinsa. An gode masa, ba a bukata. Mai makoki zai bi gawa a ƙasa, cikin takalmi sau-ciki. Ranar Talata Sista Christy ta kwance bandejin, ta duba, ba ta ɗaura wani ba. Yatsan ya warke.